Gamon Ba-zata a Dawa

 Ina miƙa gaisuwa ga mutanen Maruta da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da na Gwaram da Birnin Kudu, manoma da makiyaya, maharba, masu itace da masu ɗiban zuma, da duk wanda abincinsa yake bayan gari. Sharhinmu na yau naku ne, domin magana ce a kan abin da kan faru idan mutum ya fita neman halaliyarsa, bai yi aune ba sai ga shi ido da ido da naman dawa.

Abin da ya taso da maganar daga nesa ya zo. A ƙasar Japan akwai wata dabba da ake kira beyar, ƙatuwa mai gashi da manyan farata, tana iya miƙewa a kan ƙafa biyu, kuma duk nauyinta mutum ba ya tsere mata da gudu. Babu ita a dazuzzukan Afirka, shi ya sa yawancinmu sai dai a hoto. A shekarar 2025 wannan dabba ta kashe mutum 13 a Japan, ta raunata sama da 200, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara ajiye lissafi a ƙasar. Da yawa daga cikin waɗanda abin ya rutsa da su tsofaffi ne, wasu a gona, wasu sun shiga daji tsintar naman kaza, wasu ma a ƙofar gidajensu. Sai da ta kai a watan Nuwamba aka tura sojoji lardin Akita su taya ɗaukar tarkuna da kafa su.

Masana a can sun faɗi dalili. Matasa sun bar ƙauyuka sun tafi birni, gonaki sun koma saura, daji ya matso har bayan gida. 'Ya'yan itatuwan da dabbar ke ci kafin sanyi ba su yi albarka ba, yunwa ta koro ta. Maharbansu kuma sun tsufa, babu masu gadonsu. Wato a can mutane ne suka ja da baya, dabba ta biyo su.

Mu namu akasin haka ne. Mu ne muka bi dabba har makwancinta. Duk dattijon da ya haura shekara 70 a kudancin Jigawa zai nuna maka inda daji ya tsaya lokacin ƙuruciyarsa, ka duba yau ka ga dawa da riɗi da gyaɗa iyakar ganinka. Jama'a ta ƙaru, gona ta ci saura, gatarin mai gawayi ya ci abin da gona ta rage. Zaki da giwa da ɓauna sun zama labarin kakanni a yawancin ƙasarmu. Zakunan da suka rage a Nijeriya kaf, masana sun ce ba su kai 50 ba, suna Yankari da dajin Kainji. To amma kada wannan ya ruɗe mu. Dawa ba ta ƙare ba, matsewa ta yi. Gwaram tana iyaka da Jihar Bauchi, kuma dabba ba ta san iyakar jiha ba. Akwai dajin Lame-Burra a Bauchi, akwai Falgore a Kano, akwai duwatsu da kwazazzabai da fadamu da bakin rafuka a nan gida. Abin da ya saura na biri da dila da gadu da kura da kada da macizai, a waɗannan 'yan wuraren ya taru. Mu kuma nan ne muke zuwa itace, nan muke kai shanu shan ruwa, nan muke kafa amya. Wuri ya ƙanƙance, masu nemansa sun yi yawa, dole a haɗu.

Ga abin da nake so ya zauna a zuciyar kowa. Naman dawa, in ka cire kaɗan ƙwarai, ba farautar mutum yake yi ba. Tsoronmu yake ji fiye da yadda muke jin nasa. In ya ji motsinka ko warinka daga nesa, sai ya kauce, ka wuce ba ka ma san yana wurin ba. Bala'in yana zuwa ne idan aka firgita shi, ya farka ya gan ka a kansa, ya duba babu mafita sai ta kanka. Wannan gaskiya ɗaya ce daga Akita har Maruta. Shi ya sa mutanen Japan ke rataya 'yar ƙararrawa a jiki ko su kunna rediyo idan za su shiga daji, don dabbar ta ji su tun da nisa ta ba su hanya. Tsofaffin maharbanmu ba su je Japan ba, amma sun san wannan. Mai shiga duhuwa don itace, za su ce masa ya yi gyaran murya, ya riƙa bugun ƙasa da sanda, ya yi magana da abokin tafiyarsa. Saɗaɗawa aikin mai harbi ne, shi ma da iliminta yake yi.

Sun kuma san dabbar da ba a wasa da ita ko da ƙarama ce. Uwa mai 'ya'ya tana kan gaba. Ko kazar gidanka idan tana da 'yan tsaki ka san yadda take tasowa ta fuskanci abin da ya fi ta sau goma, balle gadu ko giwa. Saboda haka yaron da ya tsinci ɗan wata dabba a gindin itace, ya ga kamar maraya ne, a koya masa cewa uwar tana kusa, ya bar wurin nan take. Sai dabbar da aka harba ba ta mutu ba. Tun zamanin da akwai ɓauna a dazukanmu maharba suke jan kunnen yaransu a kan bin jinin nama cikin duhuwa, domin mai rauni yakan laɓe ya jira. Gadu da muke rainawa, haurensa yana tsaga cinyar mutum, kuma idan ya shige rami da baya yake shiga, fuskarsa na waje. Wanda ya tsaya a bakin ramin yana zungura, ya tsaya ne a kan hanyar fitarsa. Mai ɗiban zuma kuma yana da abokin takara, dage, ɗan ƙarami amma ba ya ja da baya, ga su ƙudan zuman kansu, waɗanda taronsu kan kashe mutum ko ya faɗo da shi daga kan itace cikin dare.

Bari mu leƙa ruwa, domin mutanenmu suna tafiya ci-rani, suna noman rani da su a bakin manyan koguna. Dorina ciyawa take ci, amma tana cikin dabbobin da suka fi kashe mutane a Afirka. Da dare take fitowa kiwo, ta koma ruwa da asuba ta hanyar da ta saba bi. Manomin da ya yi sammako ya faɗa tsakaninta da ruwa ya shiga hatsarin da ba a kwatantawa, don a tudu ma ta fi mutum gudu. Manoman da ke kewaye da madatsar ruwa ta Dadin Kowa a Jihar Gombe sun daɗe suna kuka da ɓarnarta. A Nijar, cikin watan Nuwamba na 2014, dorina ta kifar da kwale-kwale a kogin Kwara kusa da Yamai, mutum 13 suka rasu, 12 daga cikinsu yara ne 'yan makaranta. Allah Ya jiƙansu. Kada kuwa haƙuri ne makaminsa. Yana lura da mashaya, ya gane inda ake tsugunawa kullum a wanke kaya ko a ɗebi ruwa. Hausawa suka ce sabo turken wawa, kuma a bakin ruwa wannan magana ta fi ko'ina gaskiya.

Giwa ma haka. Yankari, wadda aka keɓe a 1956 aka buɗe ta ga masu ziyara a 1962, tana riƙe da ɗaya daga cikin garken giwaye mafi girma da suka rage a ƙasar nan, ana ƙiyasta su tsakanin 100 zuwa 150. Idan amfanin gona ya nuna sukan fito, kuma dare ɗaya ya ishe su su share wahalar shekara. Wanda bai taɓa tsayawa a gonar da giwa ta kwana ba, kada ya yi saurin zargin manomin da ya fusata. Sai dai fushin nan shi ke kai mutum ya tunkari garke da sanda da tocila shi kaɗai, a wayi gari ana makoki.

Yanzu zan zo kan abin da ya fi damuna, kuma a nan zan daɗe. Idan ana hirar gamo da naman dawa, hankali yakan tafi ga kura da damisa, saboda su ne ke da labari mai daɗin ji a dandali. Amma abin da ya fi kai manomin ƙasar Hausa kabari ko ya raba shi da ƙafarsa, tsawonsa sau da yawa bai wuce kamu ɗaya ba. Kububuwa nake nufi, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa, da 'yan uwanta kasa da gamsheƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce saran maciji yana kashe tsakanin mutum 81,000 zuwa 138,000 duk shekara a duniya, kuma a 2017 ta sanya shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Sakacin ba abin mamaki ba ne, domin waɗanda yake kashewa talakawan karkara ne, masu tafiya ba takalmi, waɗanda mutuwarsu ba ta shiga jarida.

Ku duba lokacin da abin ya fi yawa: farkon damina da ake huɗa da noma, da kuma kaka. An yanke gero an jera, an tara harawa, an jingine riɗi yana bushewa, an tsiba karan dawa. Ɓera ya zo cin hatsi, maciji ya biyo ɓera, ya samu inuwa ya kwanta. Manomi ya zo da safe ya zura hannu zai ɗaga dami. Kububuwa launinta launin ƙasa ne, ba ta gudu kamar sauran macizai, nannaɗewa take tana goga jikinta yana ƙara, wanda bai san ƙarar ba sai ya ƙara matsowa. Yaro makiyayi ya zura hannu a ramin gafiya ko cikin suri. Mace ta sunkuya ɗaukar itacen da ya daɗe a ƙasa. Mutum ya fita zagaya cikin dare babu haske. Duk waɗannan gamo ne na ba-zata, kuma macijin ma ba-zatan ne ya same shi.

Muguntar dafin kububuwa ita ce yana yaudara. Wanda ta sara zai iya tashi ya koma gida da ƙafarsa, wurin ya kumbura, a ce da sauƙi. Alhali dafin yana nan yana hana jini daskarewa. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai jini ya fara fita ta dasashi, ta hanci, ta fitsari, ta tsohon miki, wani lokaci ya zuba cikin ƙwaƙwalwa. Likitoci sun nuna cewa idan ba a yi magani ba, cikin mutum 10 da ta sara, 1 ko 2 sukan mutu. Idan aka samu allurar kashe dafi mai inganci a kan lokaci, masu mutuwa ba su kai 2 cikin 100 ba. Akwai ma gwaji mai sauƙi da ƙaramin asibiti zai iya yi: a ɗebi jini kaɗan a zuba cikin kwalba mai tsabta, a ajiye minti 20, in bai daskare ba an san dafi ya shiga jiki.

Ina girmama masu maganin gargajiya, iyayenmu ne, kuma a wurare da yawa su kaɗai ne kusa da mai ciwo. Amma gaskiya ɗaya ce. Ba kowane maciji ke da dafi ba, kuma mai dafin ma wani lokaci yakan yi sara bai zuba ba. Irin waɗannan ne ke warkewa a gida, sai sunan magani ya fita. Ranar da kububuwa ta zuba dafinta sosai, kwanakin da aka ɓata ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe su ne kwanakin da za a ceci ran. Ɗaure ƙafa tamau da igiya ko roba yana kashe naman ƙafar, har ta kai a yanke ta. Tsaga wurin da reza, ga mutumin da jininsa ya daina daskarewa, ƙara buɗe wa jini ƙofa ne. Tsotsa da baki da ɗora baƙin dutse ba sa fitar da dafin da ya riga ya bi jiki. Abin yi shi ne a kwantar wa mutum da hankali, a cire zobe da agogo da duk abin da zai matse in kumburi ya zo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi kada ya taka, a nufi asibiti. Kada a tsaya neman macijin, an sha samun sara na biyu a wurin nemansa. In kuma gamsheƙa ce ta tofa wa mutum a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take, sannan a tafi.

To, a tafi ina, a samu me? Nan ne maganar ta koma kan hukuma. A Kaltungo ta Jihar Gombe akwai asibitin da ya shahara a kan saran maciji, yana karɓar dubban mutane a shekara daga jihohi da dama. Akwai allurar EchiTAb da aka haɗa musamman da dafin macizan Nijeriya, amma a ƙasashen waje ake yin ta, a shigo da ita da kuɗin waje, shi ya sa take tsada take kuma yankewa. A Jami'ar Bayero ta Kano, Farfesa Abdulrazaq Habib da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna bincike suna kira a kan wannan matsala. Ilimin yana nan a gida. Abin da manomin Maruta yake bukata shi ne allurar ta kasance kusa da shi. Kaltungo ta yi nisa ga mai zubar jini a bayan babur. Muna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, muna da asibitocin jiha, kuma a ganina babu hujjar da za ta sa a shiga damina ko kaka ba a tanadi wannan allura a manyan asibitocin yankin ba, kyauta ko da rangwame, tare da ma'aikatan da aka koya wa yadda ake ba da ita. Jihar da ke alfahari da noma, ran mai noman yana cikin abin da za ta yi wa kasafi.

Cizon dila ko karen da ba a san lafiyarsa ba shi ma ba abin rainawa ba ne. A wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, a je a karɓi allurar haukan kare. Ciwon nan idan ya bayyana a jiki kusan ba a tashi.

Ga 'yan uwana masu farauta, ina da magana ta musamman. Farauta gado ce mai daraja, tana da sarautunta, Sarkin Baka da Sarkin Dawa, tana da ladubbanta. Maharbin da ya gaji abin yakan karanta sawu, ya san na jiya da na yau, ya san inda iska ke kaɗawa, ya ji kukan tsuntsu ko hayaniyar birai ya gane akwai abu a gaba. Ya san lokacin da nama ke da ciki ya ƙyale shi. Yau me muke gani da rani? Mota cike da samari da karnuka da gora da barandami, a cinna wa daji wuta don zomo da gafiya. Wutar nan tana cinye abincin dabbobin makiyaya, tana koro macizai zuwa gonaki da gidaje. Da dare kuma ga mai fitilar goshi da bindigar toka, ya hango ido yana ƙyalli ko ciyawa tana motsi ya saki wuta, a je a tarar ɗan'uwansa ne. Wanda bai ga jikin abin da zai harba sarai ba, ba shi da ikon taɓa kunama. Dattawan farauta, ku ne za ku tsawatar, kuma abin da kuka sani kada ku tafi da shi kabari. Japan da duk arzikinta, rashin magadan maharba ne ya sa ta nemi taimakon soja.

Akwai kuma abin da muke yi idan wata dabba ta ɓato hanya ta shigo kusa da gari. Kafin ka ce kwabo an taru da duwatsu da adduna, yara a gaba, wasu na ɗaukar hoto da waya. An kewaye ta, an toshe mata kowace hanya, wato an haɗa duk sharuɗɗan da ke sa dabba ta yi kisa. A yankin Ayorou na Nijar, a 2017, an kashe dorina aƙalla 27 bayan mutane sun gaji da ɓarnar amfanin gona da dabbobi. Na fahimci zafin da ya kai su ga haka, domin mutumin da aka cinye wa gona, babu wanda zai kai wa kuka, babu diyya, hannunsa zai sa. Addininmu ya halatta kawar da abin da ke cutarwa, amma bai yarda da azabtarwa da kisan banza ba, kuma tun 1963 Arewa take da dokar kare namun daji, ga ta tarayya ta 1985. A Yankari an gwada wata hanya: an sanya wa wasu giwaye na'ura a wuya don a san inda suka nufa, an kuma ɗauki mutanen ƙauyukan da ke kewaye suna kai rahoto da waya idan garke ya fito. A Kenya an gano giwa tana tsoron ƙudan zuma, sai manoma suka riƙa kewaye gona da amya, ga kariya ga zumar sayarwa. Dabaru suna nan ga mai son yi. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince da mayar da Falgore da dausayin Baturiya na ƙasar Haɗeja gandun daji na ƙasa. In har ana so dabbobi su ƙaru a can, wajibi ne a tanadi wanda maƙwabtan dajin za su kira idan dabba ta fito.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Gwaram da Birnin Kudu, da Ma'aikatar Lafiya da ta Muhalli a Dutse, su tabbatar da allurar kashe dafi a asibitocinmu kafin kowace damina, su sanar da jama'a ta rediyo inda take. Hakimai da dagatai da masu unguwanni, ku haɗa dattawan maharba da matasa da malaman makaranta, a koya wa yara makiyaya abin da ake yi da abin da ba a yi a dawa. Limamai, ku tuna wa jama'a cewa dogaro ga Allah ba ya hana riƙon sababi.

Kai kuma malam manomi, in ka sayar da amfani bana, cire kuɗin dogon takalmin roba da tocila, naka da na yaron da ke bin ka gona. Ka juya dami da sanda kafin ka sa hannu. Ka share ciyawa da tarkacen da ke jikin ɗaki da rumbu. Ka faɗa wa iyalinka inda ka nufa kafin ka shiga dawa, in da hali kada ka tafi kai kaɗai. Kuma tun yau, tun lafiya lau, ka tambayi asibitin da ya fi kusa da kai ko suna da allurar maciji, ka ajiye lambar mai mota ko mai babur da zai amsa kiranka da tsakar dare. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya ba mu damina mai albarka.